Injin Yanka Takarda Ya Cije, Jar Fitila Ta Kama: Tambayoyi da Amsoshi

Na daɗe ina aiki a ofishin da kusan kullum sai an yanka takardu, har a hankali na zama wanda ake kira duk sanda injin ya tsaya. Tambayoyin iri ɗaya ne suke ta dawowa shi ya sa na tattara su waje guda. Yawancin injinan da na ga sun mutu gaba ɗaya, ƙarfi aka gwada musu kafin a tsaya a duba abin da fitilar take faɗa, kuma hakan yana damuna sosai domin da yawansu minti goma na haƙuri ya ishe su.

1. Jar fitila ta kama kuma injin ya ƙi jan takarda, me zan fara yi?

Ka daina tura takarda, wannan shi ne na farko. Kada ka danna ta da hannu, kada ka ƙara wata a kai wai ko za ta tura ta farkon. Sai ka sunkuya ka duba alamar da ke kusa da fitilar da ta kama, domin injina da yawa fitilunsu uku ne ko huɗu a jere kuma duk jajaye ne, mutum yana hango ja daga tsaye sai ya yanke hukuncin cushewa ce alhali wataƙila kwando ne ya cika.

Daga nan ka ɗora tafin hannunka a saman injin ka ji ko ya yi zafi. In da zafi ka tafi tambaya ta 7. In babu zafi kuma ga takarda tsaye a bakinsa, tambaya ta 4 ce taka. In babu zafi kuma babu takarda, to duba ta 6.

2. Me kowace alama take nufi?

Kamfanoni sun bambanta wajen zane amma ma'anonin kusan ɗaya ne. Hoton ma'aunin zafi yana nufin moton ya yi zafi ya kashe kansa. Hoton kwando cike da ɗigo-ɗigo, kwando ya cika. Hoton kwando ko ƙofa a buɗe, kwandon bai zauna daidai ba. Hoton takarda da kibiya tana nuna sama, ko tarin takardu, an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa ko takarda ta maƙale. Wasu injinan Fellowes suna da hoton hannu da ke kamawa da ruwan ɗorawa, wannan tsarin da suke kira SafeSense ne, yana tsayar da injin da zarar hannu ya taɓa bakin da ake zura takarda, ka ɗauke hannu ya ci gaba.

Ƙananan injina masu fitila ɗaya tal su ne masu ɗan wahala, domin fitilar nan ɗaya ita ke wakiltar zafi da lodi duka. A irinsu sai ka haɗa da abin da ya faru kafin ta kama. In ka daɗe kana yanka ba hutu, zafi ne. In yanzu ka zura dunƙulen takardu ka ji sautin ya yi ƙasa ya mutu, cushewa ce. Littafin bayanin injin yana da jadawalin fitilun, in ya ɓata ka nemi lambar samfurin a ƙasan kan injin ko a bayansa ka bincika a intanet.

3. Wai me ke faruwa a ciki ne har yake cushewa?

Sanduna biyu ne na ƙarfe kwance kusa da juna, kowanne ɗauke da wuƙaƙe zagaye a jere, suna juyawa suna fuskantar juna, wuƙar wannan tana shiga tsakanin wuƙaƙen wancan. In ka taɓa ganin injin murza taliya na hannu to ka gane tsarin, kuma ma daga nan Bajamushen nan Adolf Ehinger ya ɗauko dabarar injinsa a 1935. Tsakanin wuƙaƙen akwai wasu 'yan haƙora kamar na mataji waɗanda aikinsu su kankare yankakkiyar takarda ta faɗa kwando kada ta naɗe a jikin sandan. Moto ne ke juya su duka ta hanyar giya-giya.

Cushewa iri biyu ce. Akwai wadda takarda ta yi kauri wuƙaƙen suka kasa ratsa ta sai suka tsaya a tsakiya, wannan mai sauƙi ce. Akwai kuma wadda gutsattsarin suka ƙi faɗawa ƙasa suka dinga taruwa a tsakanin haƙoran matajin nan suna matsewa har su yi tauri kamar katako, yawanci saboda kwando ya cika ya tokare ta ƙasa, ko gam, ko rashin mai. Ita ce mai cin lokaci.

4. Yaya ake amfani da ribas ɗin daidai?

Makunnin yawanci wuri uku gare shi, inda aka rubuta AUTO ko ON, da OFF, da REV wato ribas. Wasu suna da FWD, shi ke tura wuƙaƙen gaba ko da babu takarda. Ka mayar da shi OFF tukuna, ka zare kwandon ka zubar ka mayar, domin in ƙasa a cike take takardar ba ta da wajen zuwa. Sai ka sa ribas na daƙiƙa 2 zuwa 3 kawai, kana riƙe da saman takardar kana ɗan ja sama a hankali, ba fizga ba. In ta motsa ko kaɗan ne to kana kan hanya. Ka tsaya, ka sa gaba na daƙiƙa biyu, ka sake ribas, haka-haka kamar mai fitar da mota daga yashi, kowane zuwa tana ƙara sakin jiki.

Abin da nake roƙon mutane shi ne kada su danne ribas su riƙe alhali suna jin moton yana gurnani ba ya juyawa. Duk daƙiƙar da ya yi a haka zafi yake tarawa, kuma giyar ciki ce ke ɗaukar nauyin. Sau biyar ko shida in ba ta motsa ba ka bari haka, ka wuce tambaya ta gaba. In takardar ta fito, ka raba ta gida biyu ko uku, ka yanke wajen da ya tattaune sannan ka sake zurawa.

5. Ribas ya ƙi, ko takardar ta yage ta bar saura a ciki. Sai yaya?

Zare fulogin daga soket. Kashe makunni kaɗai bai isa ba, domin hannu na iya goge shi ya koma AUTO kana tsakiyar aiki, kuma idon da ke tayar da injin bai san bambancin takarda da yatsa ba. Ka naɗe hannun riga, ka cire sarƙa ko igiyar katin aiki da ke rataye a wuyanka. In kan injin mai ɗagowa ne ka ɗago shi ka kifa a kan tsohuwar jarida, yana da nauyi fiye da yadda ake zato saboda haka da hannu biyu. In mai kwandon jawowa ne ka zare kwandon ka haska tocila ta ƙasa.

Kayan aikin matsefata ne ko filaya mai dogon baki. Ka fara ta ƙasa kana tsinko gutsattsarin kaɗan-kaɗan, kana bin layin wuƙaƙen daga wannan gefe zuwa wancan, gefe-gefen can ƙarshe su ne suka fi tara datti kuma su ake mantawa. Kada ka sa wuƙa ko sukundireba ka banƙara, haƙoran matajin nan a ƙananan injina da yawa na roba ne, in ɗaya ya karye wajen zai dinga naɗe takarda har abada. Yatsa kuwa kada ya shiga ko da wuta a cire, kaifin yana nan.

In ya yi tauri ya ƙi tsinkuwa sai mai. Na taɓa samun wanda aka zura masa ambulan guda huɗu a haɗe, kowanne da sitikar adireshi a jiki, abin ya dunƙule a tsakiya ya zama wani baƙin curi mai danƙo, filaya tana kamawa tana zamewa ba ta ɗebo komai sai ɗan ƙuli-ƙulin takarda. Na ɗiga man injin a kan curin ta sama da ta ƙasa har ya jiƙe, na bar shi kusan rabin awa. Da na dawo takardar ta yi laushi tana fitowa a dunƙule, na mayar da kan na sa ribas sau biyu sauran ya zubo da kansa. Irin man da ya dace yana tambaya ta 10, kuma don Allah ka karanta ta 11 kafin ka ɗauko wani abu na feshi.

6. Na cire komai amma fitilar tana nan a kunne. Ya lalace ne?

Da wuya. Abin da na fi samu shi ne kwando bai zauna ba. Akwai wani ɗan harshe na roba a jikin kwandon da ke shiga wani rami ya danna ƙaramin makunni a cikin kan injin, wasu kuma maganaɗisu ne, in wannan bai haɗu ba injin ba zai tashi ba ko me ka yi, an yi haka ne don kada wuƙaƙe su juya a buɗe. Wata rana mun kusa kiran mai gyara, ashe wani siririn zaren takarda ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ya lanƙwashe a cikin ramin ya hana harshen kaiwa ƙarshe. Ka haska ramin ka share, ka tabbata kan injin bai juya gaba-baya ba, ka tura kwandon har ka ji ya ce ƙas. In kana sa leda a kwandon ka duba bakinta bai rufe wajen ba.

Na biyu sensar cikar kwando. A wasu wani faifai ne da ke reto a ƙasan wuƙaƙen, tarin takarda ya ture shi sama, yakan maƙale a saman ko bayan an zubar, ka taɓa shi ya sauko. A wasu kuma ido ne mai haske, ƙura ta rufe shi sai ya ɗauka kwando a cike yake. Bayan duk wannan ka zare fulogi na minti ɗaya ka mayar, injina masu lantarki a ciki wani lokaci sai an yi haka suke sakin gargaɗin.

7. Fitilar zafi ce ta kama, har yaushe zan jira?

Ƙananan injinan gida da yawa minti 2 zuwa 5 kawai aka yi su su yi suna aiki a jere, sannan su huta kamar minti 30. Matsakaita na ofis sukan kai minti 20 ko 30 kafin su nemi hutu, manya-manyan ne kawai ke yi ba tsayawa. Adadin naka yana rubuce a littafinsa ko a kwalinsa. Akwai abin kariya a jikin moton da ke yanke wuta idan zafi ya kai wani mataki, ya dawo da kansa in ya huce, saboda haka babu wani maɓalli da za ka danna ka gaggauta shi. Ka kashe, ka matsar da shi daga jikin bango don iska ta shiga ramukansa, ka ba shi cikakken lokacinsa. Wanda ke dawowa duk bayan minti biyar yana gwadawa, ko ya tashi zai sake mutuwa nan take domin cikin moton bai huce ba.

In takarda ta maƙale kuma zafi ya kama lokaci guda, ribas ma ba zai yi ba sai ya huce, kada ka ɗauka ya ƙone. Amma in ya kwana a kashe kuma har yanzu shiru, ko kana jin warin ƙonewar waya, duba tambaya ta 13.

8. An rubuta falle 12 a jikinsa amma 9 ma cijewa yake, me ya sa?

Adadin da ake rubutawa da siririyar takarda ake gwada shi, mai nauyin giram 70 ko 75 a kowane murabba'in mita, a sabon inji mai sabon mai da cikakkiyar wuta. Takardar A4 da aka fi bugawa a firinta kuwa giram 80 ce, ka ga tun nan lissafi ya ragu. Takardar da aka ninka biyu falle biyu ce, wasiƙa mai ninki uku a cikin ambulan falle biyar ce in ka haɗa da gaba da bayan ambulan ɗin. Takardar da ta sha danshi tana lanƙwashewa maimakon ta yanku. Idan wutar da ke zuwa ba ta da ƙarfi, ko an jona injin a doguwar wayar ƙari tare da wasu kaya, moton ma ƙarfinsa raguwa yake.

Ni dai shawarata kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta, mai 12 ka ba shi 8. Za ka ga ma ka fi saurin gamawa domin ba tsayawa. Kuma ka saurari sautinsa, in ya fara yin ƙasa yana nishi to ka rage.

9. Waɗanne abubuwa ne bai kamata su shiga ba?

Duk abin da ke da gam, wato sitika, salatif, bakin ambulan mai manne, takardar adireshin da ake liƙawa a kaya. Gam yana laushi da zafin wuƙaƙen ya kama ƙura ya zama abin da na ba da labari a tambaya ta 5. Sai leda da ambulan mai tagar leda, takardar da aka yi wa laminatin, kwali, jarida mai yawa a haɗe, jiƙaƙƙiyar takarda, da manyan kilif na ƙarfe. Ƙananan fil na sitefila injina da yawa suna iya ci, katin banki da faifan CD kuma sai in an nuna hotonsu a jikin injin, wasu ma bakinsu daban ne, kuma ɗaya-ɗaya ake sawa.

10. Da gaske sai an sa masa mai? Wane iri, kuma sau nawa?

Da gaske ne, musamman mai yanka gutsi-gutsi. Akwai ma'aunin Jamus mai suna DIN 66399 da ya kasa injinan daga P-1 zuwa P-7 gwargwadon ƙanƙantar abin da suke fitarwa. P-1 da P-2 dogayen zare suke yi, ba su cika damuwa da mai ba. P-4 gutsuren bai wuce murabba'in milimita 160 ba, P-5 kuma bai wuce 30 ba, kuma duk yadda gutsuren ya ƙanƙanta haka wuƙaƙen suke matse da juna, ƙura ta fi yawa, buƙatar mai ta fi yawa. Ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, duk sanda ka zubar da cikakken kwando ka sa mai.

Man da aka yi don injin yanka takarda shi za ka nema, yana zuwa a roba mai dogon baki, asalinsa man tsirrai ne. Ka zuba siririn layi daga wannan ƙarshen bakin injin zuwa wancan, ka sa ribas na 'yan daƙiƙu ya zagaya, sannan ka yanka takarda biyu ko uku marasa amfani su kwashe rarar. Ko ka zana man a karkace a kan falle ɗaya, ka rufe da wani fallen, ka zura su tare. Akwai kuma takardun mai da ake sayarwa a shirye. Man girki ba na ba da shawararsa, yana daɗewa sai ya yi danƙo ya fara wari.

11. Zan iya fesa man feshin nan WD-40 ko iskar gwangwani in kore ƙurar?

A'a, ko sau ɗaya. Abin da ke cikin gwangwanin feshi gas ne mai kama wuta, yana sauka ya taru a cikin kwandon da ke rufe, moton kuma yana iya yin tartsatsi lokacin tashi, ga busasshiyar takarda da ƙura a wajen. Wutar takan yi sama ne ta bakin injin, daidai inda fuskar mutum take. Littattafan injinan da kansu sun hana feshi da man fetur-fetur kowane iri. In ƙura ce ta dame ka, zare fulogi ka share da busasshen buroshi ko injin zuƙe ƙura.

12. Nawa injin kuma yana ta gudu ba takarda, ko na zura takarda ya ƙi tashi sai na sa ribas.

Duka biyun daga waje ɗaya suke. A tsakiyar bakin injin akwai abin da ke gane shigowar takarda, ko dai 'yan idanu biyu masu kallon juna kamar ƙananan duwatsun kwalba, ko wani ɗan harshe da takarda ke dannawa. In ƙura ko mai ko guntun takarda ya rufe idon sai injin ya ɗauka kullum akwai takarda, ya yi ta juyawa har zafi ya kashe shi, daga nan fitilar tambaya ta 7 ta kama. Zare fulogi, ka jiƙa audugar goge kunne da ɗan sifirit ka goge idanun biyu, ka bari su bushe. In harshe ne ka taɓa shi da matsefata ka ga yana komawa da kansa.

Ƙin tashi kuma sau da yawa ƙaramar takarda ce kamar rasit aka zura ta gefe ba ta bi ta kan idon ba. Zura ta ta tsakiya.

13. Ina jin ƙarar moto amma wuƙaƙen ba sa juyawa. Gyara ko sabo?

Ka bambance sautin. Gurnani mai nauyi ba juyawa yana nufin har yanzu akwai abin da ya riƙe wuƙaƙen, wataƙila kilif ko curin da ba ka gani ba, koma tambaya ta 5 da tocila. In kuwa moton yana gudu sakayau da sauri fiye da da, ko kana jin ƙat-ƙat-ƙat, to haƙoran giya sun cinye. Ƙananan injina da yawa suna da giyar roba a cikin jerin, ita ce ke fara mutuwa idan aka danne ribas a kan cushewa. Shiru gaba ɗaya ba fitila ko ɗaya, ka gwada wani soket, ka duba fis in fulogin mai fis ne, ka duba ko akwai babban makunni a baya da aka kashe.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya ka duba garanti, buɗe kan injin yakan soke shi, kuma kamfanoni da yawa suna ba wuƙaƙen garanti mai tsawo fiye da sauran jikin. Babban injin ofis ya cancanci a kai wa mai gyara domin ana samun giyarsa da sensarsa. Ƙaramin na gida in giya ta tafi ko moto ya ƙone, samun kayan yana da wuya kuma aikin kan kusan kai kuɗin sabo. In ka ga hayaƙi, ko wayar ta yi zafi ko ta narke, kada ka sake jona shi ko don gwaji. Kuma kafin ka rabu da shi ka zauna da matsefata ka tsince takardun da suka rage a bakinsa, rabin fallen da bai yanku ba yana nan ɗauke da suna da lambar asusun da ka so ɓoyewa tun farko.